Komawa Makaranta: Tambayoyin Iyaye Kan Lafiyar Yara

Da an ce hutu ya ƙare, hankalin iyaye sai ya koma kan kuɗin makaranta, ɗinkin yunifom, takalmi da littattafan rubutu. Zancen lafiya ba ya tasowa sai mako na biyu ko na uku, ranar da yaro ya dawo jiki rau da zafi, ya ture kwanon abinci ya nemi tabarma. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a irin wannan lokaci. Amsoshin ba su hana zuwa asibiti ba, an kawo su ne don a bambance abin da ake iya yi a gida da abin da ba ya jira.

Duk hutun nan yarana lafiyarsu ƙalau. Me ya sa da an koma makaranta sai ciwo ya fara?

Cunkoso ne ya haɗu da yanayi. Ajin da aka gina don yara arba'in, a makarantu da yawa za ka tarar an zuba masa ninkin haka, wasu a benci wasu a ƙasa. Wannan ya yi hutu a ƙauye wajen kaka, wancan ya je birni gidan kawu, kowa ya dawo da irin murar da ya kwaso. Ga kofi ɗaya a bakin randa, buta ɗaya a ban-ɗaki, a ari biro a tauna murfinsa a mayar wa mai shi.

Sai kuma lokacin komawar. A Najeriya zangon farko a watan Satumba yake farawa, a Nijar 'yan firamare sukan koma farkon Oktoba. Ƙarshen damina ke nan, kududdufai sun cika, ciyawa ta yi duhu, sauro ya fi na kowane lokaci yawa. Kowane zango ma da irin cutarsa. Na farko zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Na biyu yana farawa cikin hunturu, lokacin mura da tari da tashin asma. Idan zafi ya shigo daga watan Maris kuma, ƙyanda da sanƙarau ake tsoro.

Yaro ya dawo da zazzaɓi. In aika kemis a sayo maganin maleriya?

A fara gwaji tukuna. Gwajin nan da ake tsira wa yaro ɗan ƙarfe a yatsa a ɗiga jini a kan 'yar roba bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa da kemis-kemis da dama. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Mura, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, ciwon sanyin mafitsara da ciwon haƙarƙari duk suna kawo zazzaɓi, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya cikinsu. Kwana ukun da za a ɓata ana ba yaro maganin cutar da ba ita ke damunsa ba, ainihin ciwon na can yana cin jikinsa.

Idan gwaji ya nuna maleriya ce, maganinta shi ne irin haɗin da ake kira ACT, wanda mutane suka fi sani da sunan Coartem da ire-irensa. Sau shida ake sha cikin kwana uku. Na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da dare. A haɗa da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin haka jiki ya fi karɓar sa. In yaro ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi. Inda iyaye suka fi zamewa shi ne rana ta biyu: jiki ya yi sanyi, yaro ya fita ƙwallo, sai uwa ta ɗaga sauran ƙwayoyin ta ajiye wa ƙaninsa. Bayan mako biyu zazzaɓi ya dawo, a ce maganin jabu ne. Tun 2005 Najeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta saba da shi, kuma yanke magani a tsakiya na daga cikin abubuwan da ke jawo irin wannan.

Akwai kuma masu cewa su dai a yi wa yaro allura, ta fi ƙarfi. Allura ta wanda ciwon ya tsananta ce, ko wanda ba ya iya haɗiye komai. Yaron da ke ci yana sha, ƙwaya ta ishe shi.

Don sauke zafin jiki a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, kada a wuce sau huɗu a yini, a kuma duba kwalbar maganin mura, domin da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai a ninka ba a sani ba. Asfirin kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi.

Kullum aka je gwaji sai a ce maleriya da taifot. Haka abin yake?

Da wuya. Gwajin Widal da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi yana yawan nuna taifot ga wanda ba ya ɗauke da ita, har maleriyar kanta tana iya sa ya nuna haka. Taifot cuta ce ta gaske, kuma tana kisa, amma likita ne zai tabbatar da ita bayan ya duba yaro. Ɗora wa ɗan shekara bakwai kafso iri biyu duk zango saboda wata takarda ba gata ba ne.

Waɗanne alamu ne ba a jira gari ya waye?

Jijjiga, suma ko barcin da ake tashin yaro da ƙyar. Aman da ba ya barin ko ruwa ya zauna. Numfashi sama-sama, haƙarƙari na faɗawa ciki. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi baƙi. Wuya ya sanƙare, ga ciwon kai mai tsanani, yaro ba ya son haske. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a nemi abin hawa ko da ƙarfe biyun dare ne.

Idan yaro na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, a kawar da abin da zai buge shi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko ruwa ko wani jiƙo, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi. Addu'a da tofi a yi su a kan hanyar asibiti.

Masu bi gida-gida suna ba ƙananan yara maganin riga-kafin zazzaɓi da damina, amma sun ƙi ba ɗana mai shekara takwas. Me ya sa?

Shirin na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara biyar ba, don su maleriya ta fi kashewa. Wata-wata ake ba da shi a watannin damina, kuma ma'aunin ƙwayar na ƙananan ne. Allurar riga-kafin maleriya da Najeriya ta fara a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa ita ma ta jarirai ce.

Ɗan makaranta gidan sauro ne garkuwarsa, kuma shi aka fi mantawa. A gidaje da yawa uwa da jariri ke cikin gidan sauro, maigida na da nasa, su kuwa 'yan shekara shida zuwa goma sha biyar suna jere a tabarma a falo ko a zaure, sauro na shagali. A saya musu nasu. Sabo a baza shi a inuwa ya kwana ya yini kafin a ɗaura, in an wanke kada a shanya a rana, in ya huje a ɗinke. Masu tilawa a tsakar gida bayan magariba kuma a sa musu doguwar riga da wando.

Ai an gama masa riga-kafi tun yana jariri. Akwai saura ne?

A ɗauko katin a duba, kada a dogara da tuni. Allurar cinya mai haɗe da riga-kafin cututtuka biyar sau uku ake yin ta, a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa. Ta ƙyanda sau biyu ce, a wata 9 da wata 15, kuma ta biyun ce uwaye da yawa ba su koma an yi ba. Wanda ya tsallake wata, a kai shi asibitin unguwa da katin, su za su faɗi abin da za a iya cike masa. Kyauta ne.

Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi yin ɓarna a Kano, ta nuna illar wannan sakacin. Akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa allurar cinyar nan ba ko ba a kammala musu ba, da yawansu 'yan makaranta. Alamarta ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, wani abu toka-toka ya lulluɓe can cikin maƙogwaro. Irin wannan yaro ba wajen wanzami za a kai shi a ce hakin wuya ne ko beli ba. Taɓa wurin da ƙarfe na iya kawo zubar jini ko ya toshe numfashi. Asibiti kai tsaye, a kuma raba shi da sauran yara.

Akwai sababbi biyu da ake kaiwa har makarantu. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa, sau ɗaya tak. A 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Idan makaranta ta aiko da takardar neman izini, uba mai shakka ya je ya tambayi ma'aikatan lafiya ido da ido. Ya fi sauraron muryar da aka turo a WhatsApp wadda ba a san mai ita ba.

Yaushe zan hana yaro zuwa makaranta, yaushe zan tura shi?

Mura mai sauƙi, yaro na ci yana wasa, ya tafi da hankicinsa. Mai zazzaɓi ya zauna sai ya yi yini da kwana jikinsa bai yi zafi ba. Mai amai ko gudawa ya ƙara kwana biyu bayan sun tsaya. Mai ƙarambau sai ƙurajen sun bushe duka. Mai ƙyanda aƙalla kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, mai hangum kwana biyar bayan kumburin ya fara. In jarabawa ake yi, a je a sami malamin aji a yi magana, ana iya ba shi daga baya. Yaron da aka turo aji yana rawar ɗari ba abin da zai rubuta, kuma 'ya'yan mutane zai shafa wa.

In ba shi kuɗin tara ko in zuba masa abinci?

Kafin duka biyun, ya karya a gida. Ba sai shayi da burodi da ƙwai ba. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumamen tuwo, ɗanwake, duk suna riƙe ciki har azahar, sun ma fi ruwan bunu da yankan burodi. Shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarin jini da jiki ke tsotsa daga abincin, abin lura ne musamman ga 'yan matan da suka fara al'ada. Wake, zogale, gyaɗa da ɗan yankin hanta in hali ya yi su ne masu gina jini. Ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ta 'yan aji ɗaya zuwa uku ce, kuma ta sha tsayawa, don haka kada a tura yaro da yunwa ana jiran ta.

Kuɗin tara ba laifi ba ne, sai dai a san me ake saya da shi. Abin da aka kwaso daga kasko yana tururi, awara ko ƙosai ko fanke, ya fi aminci a kan abin da ya yini a buɗe ƙuda na bi. Zoɓo da lamurje da ƙanƙarar leda kuwa, ba wanda ya san da wane ruwa aka haɗa su. In yaro na so, a yi masa a gida a ɗura a gora.

Makarantarsu ba famfo, ban-ɗakin kuma ba ya shiguwa. Ya zan yi?

Kowane yaro da gorar ruwansa, a wanke ta kullum har murfi. A yanka masa ɗan guntun sabulu a ƙulle a leda, ya wanke hannu bayan ya zaga da kafin ya ci abinci. Tsarki da ruwa zalla ba ya cire ƙwayar cuta duka daga hannu. Yara da yawa, musamman mata, sukan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama su, su matse har a tashi, abin da ke jawo ciwon mara. Wannan magana ce ta taron iyaye da malamai. Kuɗin da ake tarawa don bikin yaye ɗalibai zai sayi bokiti mai famfo da sabulun zango guda, har a yashe masai.

In gudawa ta kama yaro, ruwan gishiri da sukari shi ne magani na farko. Ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. In babu ƙullin, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci. Kafson nan mai ja da yalo ba na yara ba ne, yana ɓata haƙoran waɗanda ba su kai shekara takwas ba. Idan gudawar na zuba kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko ido ya faɗa, a tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Makero ya fito masa a kai, ƙanwarsa kuma ƙwarƙwata. Daga makaranta ne?

Wataƙila, ko daga shagon aski, ko wajen kitso. Makero yana bin kilifa, mataji da hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, domin cutar tana cikin saiwar gashi, sai an haɗa da maganin sha na mako shida ko fiye wanda likita zai rubuta. Baƙin mai da man birki da wasu ke shafawa ƙona fata kawai suke yi.

Ƙwarƙwata a tsefe kai, a wanke da maganinta na kemis, a taje da mataji mai ƙananan haƙora, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Kada a kuskura a sa fiya-fiya ko kananzir a kan yarinya, guba ce da ke shiga ta fata. Ƙazuwa kuma, mai ƙaiƙayin dare tsakanin yatsu, duk gidan ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke zannuwa a shanya a rana.

Afolo fa?

Yawanci da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A goge idon da ruwa mai tsabta, a ware masa tawul, a daina sa wa yara kwalli da maciyi ɗaya. Ruwan sukari, nonon uwa, fitsari ko ruwan batir ba sa shiga ido. In ido na fitar da mugunya sosai, ko gani ya ragu, a kai shi a duba.

An ce za a raba maganin tsutsar ciki a makaranta. In bari ya sha?

A bari. Ƙwaya ɗaya ce ake taunawa, tana kashe tsutsotsin da ke shanye wa yaro jini da abinci. A yankunan da ke da tsargiya ana ƙara wata, wadda ake auna tsawon yaro da sanda mai alamomi kafin a san adadin da zai sha. Ita wannan ba a shan ta da yunwa, shi ya sa wasu yaran ke jiri da amai har jita-jita ta tashi. Ranar rabo a cika masa ciki. Jini a ƙarshen fitsari kuma ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, tsargiya ce da ake kwasowa a wankan kududdufi da dam da magudanan noman rani.

Ɗiyata sikila ce. In faɗa wa makaranta? Ina gudun a riƙa nuna ta.

Hajiya, ki faɗa, ga shugaban makaranta da malamin aji, a rubuce, da lambar wayarki. Malamin da bai sani ba shi zai sa ta tsallen kwaɗo a rana, ko ya hana ta fita shan ruwa, alhali ƙishirwa da sanyi da wahala su ke tayar da ciwon. A bar ta ta sha ruwa a aji, ta zaga duk lokacin da ta nema, ta sa rigar sanyi da hunturu ko ba kalar yunifom ba ce. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba a jira da shi a tashi, a kira ki nan take.

Mai asma abin shaƙarsa ya zauna a jakarsa, ba a gida ba, a ɗauke masa shara da goge allo. Mai farfaɗiya kuma a wayar wa malamai da 'yan aji kai cewa ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa.

Boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda da asuba. Bai yi yawa ba?

Ma'aunin shi ne barci. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. Wanda za a tasa ƙarfe biyar na asuba, ƙarfe takwas ya kamata ta same shi a shimfiɗa, ba gaban talabijin ko riƙe da wayar babarsa ba. Tsakanin boko da Islamiyya ya ci abinci a zaune, ya ɗan miƙe. In ana ƙorafin gyangyaɗi a makarantun biyu, darasin ƙarin da ake biya da daddare shi za a fara sokewa. Jaka kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa da yawa: mai kilo 30, kilo 3.

Zai tafi makarantar kwana. Me zan haɗa masa bayan garin kwaki da sukari?

Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara da mako guda. Gidan sauro da igiyarsa, bokiti mai murfi, kofi, tawul, mataji da abin yanke farce nasa shi kaɗai, silifas na wanka, ƙullin ORS. Kayan ci a zuba su a roba mai murfi, domin ɓera na bin akwatunan ɗalibai, kuma ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa, ya fi yawa da rani. 'Ya mace a ba ta audugar mata da za ta kai ta ranar ziyara, uwa ta zaunar da ita ta yi mata bayani tun kafin abin ya zo mata a cikin baƙi. Ranar kai shi a leƙa ɗakin kwanan a ga ko tagogi na buɗuwa, a tambayi wa ke duba marasa lafiya, wa kuma zai kira iyaye.

Kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, ranar Asabar kuwa garau. Ƙarya yake yi?

Ba lallai ba. Tsoro yana murɗa ciki da gaske. A bar bulala, a ja shi a jiki a tambaya: wa ke ƙwace masa kuɗin tara, wane malami yake gudu, wa ke tare shi a hanya. Ba ranar farko zai faɗa ba, sau da yawa a bakin yayarsa ko kakarsa za a ji.

A kuma duba ido da kunne. Yaron da ba ya ganin allo ko ba ya jin malami sosai yakan sha duka a matsayin daƙiƙi har ya tsani makarantar. A gwada a gida: a rubuta haruffa a kwali, a tsayar da shi nesa kaɗan, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ya rufe ɗayan. In yana ƙanƙance ido ko yana matsowa, a kai shi asibitin ido, kafin nan a roƙi malam ya dawo da shi bencin gaba.